Ranar da Na Tona Zaren Kaka Tumba

Akwai tatsuniya guda da na san farkonta, na san tsakiyarta, ban san ƙarshenta ba. Tun ina yarinya nake ɗauke da ita haka guntuwa, yau ga ni da furfura, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Da son raina ne, da na tafi kabari da zancen. Abin da ya tono shi wani shirme ne da jikata Ihlas take kallo.

Ubanta ne ya jawo, ɗana Usman. Ya je kasuwar garin Hajj Abdalla sayen iri, ya dawo da wani ɗan abu bai kai ɗan yatsa ba, wai an zuba masa fina-finai a ciki. Ya soka shi a bayan talfizyon, ya ɗauki fartanyarsa ya koma hawasha, wato gonarmu, ya bar ni da jarabar. Tun daga ranar, da zarar wuta ta zo, ko da tsakar rana ce, Ihlas da ƙawayenta sun baje a tabarma. Mu da aka hana mu tatsuniya da rana, yau ga ƙarya ana shararawa kafin azahar.

Ni ba na kallo. Zama nake yi a bakin ƙofa da carbina, don yara mata ba a barinsu su kaɗai da abin da ba a san me zai fito daga cikinsa ba. To amma ido ba ya neman izini. Wai mutanen wata tauraruwa ne suka sauko su cinye duniya. Jirginsu kuwa tire biyu ne irin na shayi, an kifa ɗaya a kan ɗaya. Sarkinsu yana da kai kamar kabewa mai ƙuraje, in ya juya da sauri sai kan ya tsaya a baya, sai ya sa hannu ya gyara. A ƙarƙashin ƙafafunsa masu farata ana ganin takalmin zane irin na 'yan makaranta. Akwai wani soja mai gashin baki da dodon ya taka ya mutu a gabana, ban gama jan carbi zagaye ɗaya ba sai ga shi ya dawo da wata hula yana ba da umarni. Kuma dukansu, har dodon, Larabci suke yi mai nauyi kamar masu huɗubar Juma'a.

Na yi haƙuri kwana da kwanaki. Ran nan tiren ya taso zai tashi sama, ga zare nan fari ƙal yana riƙe da shi, ko makaho ya shafa ya ji.

Na ce, "Ke Ihlas, ciwon ido gare ki? Ba ki ga zaren ba?"

Ko waigowa ba ta yi ba. "Na gani, ya habboba." Haka yaran nan suke kiran kaka da Larabci.

"To?"

"Ai shi muke jira. Yanzu zai karkace, ki duba."

Tiren ya karkace. Suka kwashe da dariya har ɗaya tana dukan tabarma. Na ce mata ubanta ya yi asarar tafiya, in ƙarya za a saya ai a sayi mai kyau. Sai ta ce, cikin Hausarta mai rabi Larabci, wai akwai masu kyan, ta gani a gidan ƙawarta a Managil. "Waɗancan ba ki ganin komai, habboba, kamar gaske. Ki zauna, a yi miki, ki tashi, halas. Wannan kuwa kina ganin zol ɗin, mutumin da ke cikin rigar, zufa yake yi, yana ƙoƙari ya ba mu tsoro. Miskin. Sai mu taya shi."

Na ce Allah ya shirya. Na tashi na shiga ɗaki, don maganarta ta taɓa wani wuri da ban so a taɓa ba.

A wannan ƙauyen aka haife ni, lokacin gidajen duk na kara ne da laka. Kakata ta wajen uba, Kaka Tumba, an goyo ta ne daga Yamma a kan hanyar Makka, iyayenta suka tsaya noman auduga a nan don su huta, hutun da har yau ba a gama ba. Gajeriya ce, baƙa, ga ƙaramin baki mai kaifi. In an gama tsinkar auduga, doka ce a tumɓuke karan a ƙone shi a gona don kada tsutsa ta kwana ciki ta jira baɗi. Iyayenmu mata sukan faki ido su ɗauro ɗan dami a ƙarƙashin ciyawar awaki. Shi ne wutar hirarmu. Karan auduga ba ya jimawa, amma in ya kama yana da haske, inuwar mutum takan hau har rufin rumfa.

Ana idar da magariba, kafin a kira isha, muke kewaye ta. Ba ta buɗewa kamar yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta dafa wuyanta kamar mai ɗauke da tulu ta ce, "Na ɗauko kaya tun daga Yamma, wa ka taya ni sabkewa?" Mu amsa, "Mu ka sabkewa." In wani bai amsa ba, ba ta ci gaba, sai ta ji muryar kowa. In ta kai ƙarshe kuma sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ƙarya na aza maku, ku kai ta tur'a ku wanke." Tur'a ita ce babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Wannan ita ce ƙa'ida a gidanmu, kowa ya san ta ba tare da an zaunar da shi ba. Ƙaryar ta mai tatsuniya ce. Ita ke kiran sunanta, kuma sai ta gama da ita.

Kaka ba da baki kaɗai take yi ba. Tana da mataimakiya, Goggo Ige, ƙanwar babana, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta Mairo, sa'ata. In tatsuniya tana da dodo, Goggo takan sulale bayan zana. An riga an huda wata tsohuwar ƙwarya ido ɗaya, an ɗaura mata gemu na zaren buhu, an sa garwashi a tsingaro a cikinta. Zaren da Kaka ta kaɗa da hannunta aka wurga ta kan azarar rumfa. Goggo tana sassauta zaren, ƙwarya tana saukowa da jan ido, ita kuma tana magana cikin tulu. Iyakar kayan aikin ke nan.

Tatsuniyar ranar sabuwa ce, ba mu taɓa jin ta ba. Wai akwai wata tauraruwa da ruwa ya ƙare a cikinta ƙaf, har mutanenta suna lasar duwatsu. Sai suka aiko babbansu cikin ƙwarya ya sauko ya nemo. Ya duba duniya duka bai ga inda ruwa ke tafiya a layi yana jiran mai sha ba sai nan Jazira. Ya sauka a bakin tur'a ya kafa baki. Aka yi rashin sa'a ranar ce ranar ban-ruwan wata bazawara mai 'ya ɗaya. Kowa ya san abin da wannan ke nufi: in ranarka ta wuce ba ka sha ba, sai zagaye ya dawo, kafin nan dawa ta sunkuyar da kai. Maza suka je suka gani, suka dawo suna cewa ai dama ƙafarsu ke ciwo.

Sai 'yar bazawarar ta ce ita za ta je. Uwarta ta ƙulle mata abu uku a bakin zane: gishiri, da allura, da gargariba, ɗan ganyen kabar nan da muke shimfiɗa ƙullun kisra, siririyar wainarmu, da shi a kan ƙarfe mai zafi.

"Tac ce mai, kai baƙo, ruwan ga na uwata na," in ji Kaka. Daga cikin tulu Goggo ta amsa, "Mi kic ce?" Ƙwarya ta sauko taki ɗaya. Yarinya ta kwance gishiri ta watsa masa a baki. Sai ƙishinsa ya ƙaru, ya zuƙe tur'ar har kifi na birgima a taɓo. Ƙwarya ta ƙara saukowa. Yarinya ta zaro allura ta soka masa a ciki don ruwan ya tsiyaye. Allura ta karye biyu, don fatarsa ta fi dutsen niƙa tauri. "Shi ke nan," in ji Kaka, ta rage murya. "Saura abu guda. Tas sa hannu ga bakin zane."

A nan na tashi.

Ni tun ina ƙarama ido gare ni. Ni ke tsinto allurar da ta faɗi a yashi, ni ke ganin tsutsa a ƙwallon auduga kafin ta huda. Babana yakan yabe ni a gaban mutane, ni kuwa yabon ya hau mini kai. Ranar ina ganin zaren yana ƙyalli a hasken wuta, ina ganin ƙafafun Goggo da lallensu a ƙarƙashin zana. Ga Mairo ta damƙe mini hannu, faratanta sun shige mini fata. Haushi ya kama ni, na ga kamar ni kaɗai ce mai hankali cikin tumaki. Na fizge hannuna na miƙe na ce, "Ƙarya ce. Ƙwarya ce, ga zare nan, ga ƙafar Goggo Ige." Ban tsaya nan ba, na kama zaren na ja. Ƙwaryar ta faɗo ta dare, garwashi ya watse.

Na tsaya ina jiran a ce Kulu mai ido.

Kaka ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta sa ƙafa ta tattara garwashin, sannan ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya. "Mairo, kin ga zaren?" Mairo tana hawaye ta ce ta gani. Ta tambayi na kusa da ita, ya gani. Har autan gidan da ko wando ba ya sawa, ya ce shi ma ya ga ƙafar Goggo.

Ta juyo gare ni. "Kin jiya? Kowa na da ido, Kulu. Ke ɗai ce bakinki yar riga hankalinki." Ta kakkaɓe zanenta ba ta ce mu kai ƙarya tur'a ba, ta tashi ta yi alwala.

Wata guda Mairo ba ta yi mini magana ba. Ni kuwa ba fushin Mairo ya dame ni ba, gargaribar ce. Me za a yi wa dodon da ya karya allura da ɗan ganyen kaba? Na ɗebo wa Kaka ruwa ba ta aike ni ba. Na tsefe mata kai, na gurza mata auduga, na matsa mata ƙafa. In na ga ta saki fuska sai in ce, Kaka, to da ta sa hannu a bakin zanen? Amsarta ɗaya ce. "Kisrar da tay yage bisa ƙarfe ba a liƙe ta, Kulu. Kaji aka ba." Ta ci gaba da yi mana wasu tatsuniyoyin, har an huda sabuwar ƙwarya, amma waccan ba ta sake ɗauko ta ba. Na yi aure, na haifi Usman, ta kwanta ciwon ajali, na sunkuya kusa da kunnenta na sake tambaya. Dariya ta yi, ta ce in ba ta ruwa.

Haka na girma. Ban taɓa yi wa 'ya'yana tatsuniya ba. Na koya musu alwala da gaisuwa da yadda ake gane hatsin da ƙwari suka ci. A ƙauyen nan in ana son a san ko gero na bana ne ko na bara, ni ake kawo wa. Ba wanda ya taɓa kawo mini yaro ya ce in sa shi dariya.

To, ranar da Ihlas ta ce mini suna taya mutumin cikin rigar, na kasa zama. Bayan la'asar na ce ta kira mini Mairo a waya, wadda ke aure a Abu Hujar a bakin kogi. Mu biyu muka rage cikin waɗanda suka zauna a wutar nan.

"Kulu mai idon shaho," in ji Mairo. "Ba ki mutu ba?"

"In na mutu wa zai faɗa miki gaskiya? Ina ƙafar?"

"Tana nan, ta fi halinki sauƙi. Lafiya kika tuna da ni?"

Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi kogi, na tambayi albasa, sannan na ce, "Tatsuniyar nan ta dodon tur'a. Ko Goggo ta taɓa faɗa miki ƙarshenta?"

Sai dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari. "Wai har yau? Kulu, haƙoranki sun zube, gargariba ba ta zube ba?"

"Ki ba ni amsa ko in kashe."

"Ba ki iya kashewa ba, sai jikarki ta zo. Ki saurara. Na tambayi Inna tun tuni. Ta ce tsohuwa ba ta da ƙarshe."

"Kamar yaya ba ta da ƙarshe?"

"Ba ta da shi. Da la'asar take leƙa madafa, abin da idonta ya faɗa kai shi za ta ƙulle wa yarinyar a zane. Ranar gishiri ta gani da gargariba, allura kuwa tana soke a ɗankwalinta. Abin da za ta yi da su sai ta zauna ta dubi fuskokinmu yake zo mata. Inna kanta ba ta san lokacin sakin zare ba sai ta ji tsohuwa ta yi tari. Kin tashi daidai lokacin da take neman abin a fuskarmu. Ba ɓoye miki ta yi ba. Ba a haife shi ba."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini haka?"

"Ta ce miki ƙarya ce, ke da kin riga kin yi shela?"

Na miƙa wa Ihlas wayar ta kashe. Haushi biyu ne suka haɗu mini. Na Kaka, da ta bar ni ina matsa mata ƙafa a kan abin da babu shi. Da nawa, da na gane ba ni kaɗai na rasa ƙarshen ba, ita ma na hana ta jin sa.

Ihlas ta ji rabin zancen, kuma yarinya ce mai naci kamar ƙudan damina. Da magariba wuta ta ɗauke, na hura gawayi ina gasa bunna, 'ya'yan kofi, a tsakar gida, ta zo ta zauna ta ce sai na ba ta labarin dodon tur'a. Na ce ban iya ba. Ta haɗa ni da Allah, ta ce, "Alek Allah, habboba." Na ce to, amma da Hausa, kuma kada ta katse ni.

Ta katse ni sau uku. Ba ta san bazawara ba, ba ta san taɓo ba, dutsen niƙa ma sai da na kwatanta mata. Muryata ba ta Kaka ba ce, ba ƙwarya, ba tulu. Na yi muryar dodon da hancina, na ji kunyar kaina. Na watsa gishiri, na karya allura, yarinya ta sa hannu a bakin zane. Na tsaya, don nan ne iyakar gonata.

Ihlas ta matso. "Ba'den? Sai me?"

Na dubi fuskarta. Bakinta a buɗe, wannan yarinya da ke gyara wa malamanta lissafi. Sai na ji bakina yana cewa, wai yarinyar ta jira har dodon ya cika ya kwanta, cikinsa na motsi kamar ƙullu. Ta hau kansa da gargaribarta ta shafe shi, hagu da dama, ta shimfiɗa shi siriri a kan baƙar ƙasar hawasha mai zafi. Rana ta gasa shi, ruwan da ya sha ya tsatso ya bi kunya-kunya ya shayar da dawar uwarta. Ta ɓamɓaro shi ta gefe, ta ninke shi huɗu, ta mayar cikin ƙwaryarsa ta ce ya kai wa mutanensa tsaraba.

Ina cikin faɗa na ji ramin da na faɗa. Yanzun nan na ce fatarsa ta karya allura. Ta yaya ganyen kaba zai shafe abin da ya fi dutsen niƙa tauri? Na ga Ihlas ta gani. Girarta ta ɗaga, leɓenta ya motsa, na san kalmar da ke kan harshenta don ni na haifi ubanta. Na shirya.

Ta haɗiye. Ta ce, "Da ya koma, mutanensa suka cinye shi?"

Na ce suka cinye shi, da miyar kuɓewa.

Ta yi dariya har ta kusa kifar da bunnar, na yi mata faɗa.

Na daɗe ina ɗaukan abin da Kaka ta yi mini a matsayin horo a kan rashin kunya, yaro ya tashi a gaban babba. Yanzu ina ganin ba wannan ba ne. Tsohuwar ba ta da komai sai ƙwarya fasasshiya da zaren hannunta, kuma ta san muna gani. Rabin aikin nata ne, rabi namu. Ita ta kawo dodon, mu mu kawo tsoron. Ranar ni ce na ƙi kawo nawa kason, na kuma zubar da na sauran. Wanda ya ga zare bai yi wani abin kirki ba, ai don a gani aka bar shi a fili, tunda babu halin ɓoyewa. Wanda ya gani ya riƙe bakinsa shi ya yi aiki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yarinyar da nake cewa talfizyon ya lalata ce ta iya wannan, kuma a wurin mai takalmin 'yan makaranta ta koya.

Kada a ce na ce ina son fina-finan nan. Shirme ne, kuma na faɗa wa Usman in ya sake zuwa Hajj Abdalla ya sa a zuba masa karatun Alƙur'ani ko da rabi ne. Har yanzu a bakin ƙofa nake zama da carbina. Jiya sarkin nasu ya yi tsalle daga kan wani dutse na kwali, kan kabewar ya cire ya gangara, sai ga kan mutum mai sanƙo yana haki, kuma bai tsaya ba, ya ci gaba da ruri da hannuwa a sama. Bakina ya buɗe da kansa. Ihlas ta waigo ta dube ni.

Na ce ta ƙara murya, ba na ji sosai.